Wasiƙa ga Masu Kula da Bindigogin Gasa: Harbi Uku Ba Ya Kashe Tsohuwar Bindiga

Ya ku ƙannena da 'ya'yana masu kula da bindigogin gasa, da ku masu koya wa yara harbin allo.  Na san halin da kuke ciki. Harsashi ya yi tsada, samunsa ma sai da takardu da dogon jira, filin harbi kuma ba ko'ina ba. Ga dokar makamai ta 1959 da ta hana kowa riƙe bindiga ko gyara ta sai da izini, kuma hakan daidai ne. Duk da haka kun riƙe sana'ar, kuna tsare ƙa'idojin kare rai yadda ya kamata, kuna kuma da karatun da ya fi namu. Allah ya yi muku albarka. Yabon ke nan, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata al'ada ta shigo cikinku wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. Sai a ɗauko tsohuwar bindigar .22 mai ƙotar katako, a ɗauko sabuwa mai jikin alminiyom, a miƙa wa yaro ɗaya, ya harba uku da wannan, uku da waccan. A ciro takarda, a ɗauke ta hoto da waya, a ce an gwada, tsohuwa ta mutu. Daga ranar sai a jingine ta a lungun ma'ajiya, ƙura da tsatsa su ƙarasa ta. Haba 'ya'yana! Wa ya koya muku haka?

Bari mu fara daga harsashin, domin a nan yawancin laifin da kuke ɗora wa bindiga yake kwance. Wannan ɗan harsashi ya fito a Amurka a 1887 daga kamfanin Stevens, asalinsa kuwa dabarar wani Bafaranshe ce mai suna Flobert tun 1845. Maganin da ke kunna albarushinsa a zagaye yake cikin gefen gindin kwanso, allurar bindiga kuma gefen take duka. Saboda haka ba a sake cika shi a gida yadda masu manyan bindigogi suke yi a ƙasashen da aka yarje musu. Yadda ya fito daga masana'anta haka za ka harba shi. Dalmarsa gram 2.6 ce kawai, na gasa kuma yana fita da gudun da ya gaza na sauti kaɗan, wajen mita 325 a daƙiƙa. Idan maganin bai bazu daidai a gefen ba, ko albarushin ya ɗara da ɗan ƙwaya, sai wannan ya hau sama, wancan ya sauka ƙasa, bindiga kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Shi ya sa ake buga lambar rukuni a jikin kowane kwali. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, farashi ɗaya, amma rukunin da ya dace da wannan bututu sai ya ƙi wancan. Kamfanin Eley, wanda ya fito da harsashin Tenex a 1951, yana da wurin gwaji a Birmingham, Lapua ma tana da nata a Schönebeck ta Jamus. Gwanayen duniya sukan kai bindigoginsu can, a ɗaure su a mamatsin ƙarfe cikin rufaffen wuri inda iska ba ta shiga, a harba rukuni bayan rukuni, goma-goma, a ware waɗanda suka yi fice a sake gwada su, kafin mutum ya sayi na shekararsa. Mutanen da suka ci lambar zinariya ba su yarda da harbi 10 ba sai sun maimaita. Ku kuwa da harbi 3, daga kwalin da aka tara ragowar harsasai iri-iri, kun gama shari'a.

Harbi 3 sa'a ce. Bindigar banza tana iya haɗa uku a huda ɗaya yau, ta warwatsa su gobe, ta kirki ma tana iya jefar da ɗaya gefe. Gasar kwance harbi 60 ce a nisan mita 50. Da'irar maki 10 faɗinta milimita 10.4 ne, dalmar kuma milimita 5.6, wato in tsakiyar huda ta kauce wa tsakiyar allo da fiye da milimita 8, maki ya tafi. Iskar da ke gitta fili da gudun kilomita 15 a sa'a tana kautar da wannan dalma fiye da santimita 2 kafin ta isa allo. To, ku da kuke gwaji da hantsi a tsakiyar hunturu, ba tuta ko ƙyalle ɗaya a fili da zai nuna muku inda iska ta nufa, me kuka auna? Iskar kuka auna, da numfashin yaron, da yadda sabuwar ta burge shi har ya fi natsuwa a bayanta.

Ku duba tarihi, ku ga abin da tsofaffin nan suka yi. Winchester 52 ta shiga kasuwa a 1920, aka yi ta ƙera ta har wajen 1980. BSA Martini International ta fito daga Birmingham a 1950. Anschütz ta Jamus ta fito da Match 54 a 1954, tsarin da ya mamaye filayen gasa shekaru da dama. A gasar Olamfik ta Munich a 1972, Ri Ho-jun na Koriya ta Arewa ya ci maki 599 cikin 600. A Seoul a 1988, Miroslav Varga na Chekoslovakiya ya cika 600 cif. Ƙwarewar maharba da bindigogin wancan zamani ce ta sa a 1989 aka rage da'irar goma daga milimita 12.4 zuwa 10.4. Wani zai ce ai wancan allon mai faɗi ne. To, ga Sergei Martynov na Belarus: a Landan a 2012, yana da shekara 44, ya cika 600 a kan ƙaramin allon, ya ɗauki zinariya da tsohuwar Anschütz mai ƙotar katako da harsashin da aka yi tun zamanin Tarayyar Sobiyet, alhali matasa na kwance kusa da shi da sababbin bindigogi masu sheƙi. Ya san bindigarsa, ya san harsashin da take so, ya san iska. Shi ke nan sirrin.

Kada ku ɗauka ina ƙin sabo. Na riƙe sababbin nan, na ga alherinsu. Walther da Bleiker da Feinwerkbau da Anschütz ta yanzu sun kawo abin da muka daɗe muna nema. Ƙotar alminiyom tana daidaituwa da jikin kowa, a ɗaga matashin kunci, a rage tsawo, a karkatar da abin da ke dafe kafaɗa, har yarinya 'yar shekara 15 ta kwanta bayanta ba tare da ta murɗe wuya ba. Kunamarsu ta fi laushi da tabbas, allura ta fi saurin faɗuwa, wurin sa harsashi ya matso kusa da hannu yadda mai harbi ba ya ɗaga gwiwar hannunsa. Ga wani abu da ya shafe mu nan Kano musamman: katako yana kumbura da damina, ya motse da hunturu, sukurorin da ke riƙe ƙarfe a jikinsa su yi sako-sako ko su matse fiye da kima, alminiyom kuwa ba ruwansa da wannan. Tun 2013 da aka fara ƙirga makin gasar kwance da ɗigo, inda harbi mafi kyau yake 10.9, kowane milimita ya zama abin nema, kuma a wannan mataki sabuwa mai zaɓaɓɓen harsashi tana da rinjaye. Amma ku lura, yawancin ci gaban nan a wajen riƙo da jin daɗin jiki yake, da ingancin harsashin yanzu. Bututun ƙarfe mai murɗaɗɗun layuka a ciki bai sauya sosai ba. Yaranmu kuma, in za mu faɗi gaskiya, har yanzu ba su kai inda tsohuwar Martini mai lafiya za ta gaza musu ba.

Na ce mai lafiya, kuma nan ne laifi na biyu, wanda ya fi na farko ciwo. Yawancin tsofaffin da kuke cewa shekaru sun kashe, hannun mai wanki ne ya kashe su. Dalma laushi gare ta, ƙarfin albarushin kuma kaɗan ne, bututun .22 yana cin dubun-dubatar harsashi bai gaji ba. Amma sai a sami wanda zai zura sandar ƙarfe ta baki, ya yi ta turzawa tana gugar gefe, har leɓen bututu ya cinye ta ɓangare ɗaya. Leɓen nan shi ne wuri na ƙarshe da dalma ke taɓawa. In ya karkace ko da ƙanƙani, hayaƙi zai riga fita ta gefe guda ya ture gindin dalmar. Ta baya ake wanke bututun gasa, da abin da zai riƙe sanda a tsakiya, a tura a hankali. Wani kuma ya zauna yana ta ɗana bindiga yana sakin kunama ba komai a ciki, wai yana gwada laushinta. A tsofaffi da yawa allura takan daki gefen ɗakin harsashi ta lotsa shi, daga nan kwanso ya fara maƙalewa, wuta ta fara ƙin tashi daidai. Kwanson da aka riga aka harba, in an sa shi a ciki, ya isa ya kare wannan. Wani ya ga ɗan tsatsa ya ɗauko sanfefa. Wani ya tsiyaya baƙin mai har ya jiƙe katakon da ƙarfe ke kwance a kai, ya mai da shi laushi. Bayan duk wannan ta'adi sai a jera ta da sabuwa fil daga kwali a ce a yi tsere. Wannan zalunci ne, kuma abin kunya ne ga wanda aka damƙa wa amanar kayan.

Ku yi mini haƙuri in na zafafa. Abin ya taɓa mini wani tsohon miki ne. Mu da muka yi ƙuruciyarmu a ɗakunan gyaran ƙarfe na Bompai, lokacin da jiniyar masana'antu ke tashin unguwa da asuba, mun ga irin wannan da idonmu. A nan Bompai ake haɗa keken Raleigh, kamfanin da ya sayi sashen kekunan BSA a 1957, wato ita dai BSA mai Martini. Kowace masaƙa da matatar man gyaɗa tana da ɗakin gyaranta, da injinan sassaƙar ƙarfe na Ingila irin su Colchester, da tsofaffin da ke riƙe ma'auni kamar ransu. Da wuta ta yi ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, ƙofofi suka yi ta rufewa daga Bompai har Sharaɗa da Challawa, sai injinan nan da yawa suka ƙare a sikelin 'yan gwangwan, ana sayar da su kilo-kilo. Ba wanda ya ɗora musu ma'auni ya ga ko sun karkace. Fentinsu ne ya koɗe, shi ke nan aka ce sun tsufa. Abin da nake gani kuna shirin yi wa bindigogin nan ke nan.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda yaro ya faɗi ra'ayi a kan bindiga sai ya wanke ta, ya haska cikinta, ya duba leɓenta da madubin ƙara girma, ya kuma taɓa kowane sukuru. Kowace bindiga tana da ɗan littafinta a wurinsa: ranar da aka harba ta, harsashin da aka sa, yanayin iska, faɗin hudar da ta yi. Haka manyan sana'ar suke ko'ina. Harry Pope, wanda ya rasu a 1950, a ɗan ƙaramin shago a Jersey City yake yanka layukan bututu ɗaya bayan ɗaya, mutane na jiran aikinsa wata da watanni, kuma har yau ana neman bututunsa. Haƙuri da awo ne suka ɗaukaka shi.

In kuna son ku kwatanta tsohuwa da sabuwa, bismillah, ni ma ina son in ga sakamakon, amma a yi shi da adalci. A wanke su duka biyu ta hanyar da ta dace, a ɗaure sukurori daidai. A harba 'yan harsasai a gefe tukuna, domin bututun da aka wanke ko aka sauya masa harsashi sai kakin sabon ya shafe cikinsa yake natsuwa. A ɗora kowace a kan matashi mai ƙarfi, gaba da baya, a yi amfani da abin saiti iri ɗaya, kada a ba ɗaya madubin hangen nesa a bar ɗaya da saitin ƙarfe. A fito da sassafe kafin iska ta tashi, a kafa ƙyalle a fili, a ajiye harsashi a inuwa don kada rana ta narkar da kakinsa. A harba goma-goma sau da yawa, ana karɓa-karɓa tsakanin bindigogin, da rukunin harsashi fiye da ɗaya. A auna da ma'auni, a rubuta duka, har da hudar da ba ta yi muku daɗi ba. Na san za ku ce ina harsashin yin wannan duka. Gaskiyarku. In babu shi, sai a dakata da hukunci, a shafa wa tsohuwar mai kaɗan, a ajiye ta inda damina ba za ta same ta ba, har ranar da Allah ya hore.

Wadda gwajin adalci ya nuna ta gaji, ni da kaina zan ce a sauke ta, a ba masu fara koyo su saba da riƙo da numfashi da ita. Wadda kuwa ta riƙe da'irar goma, a mayar da ita layi, a ba yaro mai himma wanda ba a samu kuɗin saya masa sabuwa ba.

Ku gaishe mini da shugabanninku da yaran da kuke koyarwa. Allah ya tsare hannuwanku, ya ƙara muku basira. Wassalam.

Naku,
wani tsohon mai gyaran bindigogin gasa,
Bompai, Kano.