Kuɗin Abuja Fa, Ranka Ya Daɗe?

Jama'a, mu daina laɓewa bayan 'yan bindiga. Duk wata Abuja na raba kuɗi, kashi 20.6 cikin ɗari na ƙananan hukumomi ne, har da Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a miƙa masu kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. To ina ɗakunan? Mutanen ƙauye da suka gudo cikin gari na raɓe a kangaye da ajujuwan firamare, manya kuwa sai rabon shinkafa gaban kamara. Shinkafa na tare ruwan Agusta ne? Ciyaman, in kuɗin sun iso, liƙa mana adadinsu a bangon sakatariya. In sun maƙale a Gusau, fito ka faɗa.