Agogo Sarkin Aiki: In Ya Yi Ƙarya Bayan An Sabunta Kwamfuta

Duk wanda ya san Suleja ya san gari ne da agogo yake mulki a cikinsa. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar kafa sabon babban birnin tarayya cikin 1976, garin ya ba da sunansa na Abuja, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, sannu a hankali ya zama makwancin dubban ma'aikata masu sammako, su bi ta Madalla da Zuba domin su isa ofis kan kari. Amma akwai wani agogo a garin wanda ba a ɗaura shi a hannu, ba a rataye shi a bango, ba a kuwa tunawa da shi sai ran da ya yi ƙarya. Shi ne agogon da ke cikin kwamfuta.

Ga yadda kukan yakan zo. Ofis ne, ko asibiti, ko shagon da ake cika wa ɗalibai takardun jarrabawa, yana da kwamfuta mai aiki da Linux. An daɗe ana jin daɗinta, sai aka kira mai gyara ya sabunta mata babbar manhajarta. Ya yi aikinsa, aka sallame shi. Wanshekare aka kunna, intanet na nan lafiya lau, amma shafin banki ya ƙi buɗuwa, wai takardar shaidarsa ba ta da inganci. Lambobi shida da ake shiga asusu da su aka yi ta bugawa ana korowa. Aka zagi kamfanin waya, aka zagi masu wutar lantarki, alhali kuwa da wani ya ɗaga ido ya dubi kusurwar allo, da ya ga kwamfutar tana zaune cikin wata shekara dabam.

Dalilin da ya sa kuskuren agogo yake jawo wannan ɓarna ba boyayye ba ne. Kowace takardar shaida da shafin intanet yake nunawa tana ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta mutu, kwamfuta kuwa da agogonta take auna su. Lambobin nan shida galibi duk daƙiƙa 30 suke canzawa, kuma daga lokaci ake lissafo su. Tsarin Kerberos, wanda ofisoshi da yawa suke tantance ma'aikata da shi, bisa al'ada ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5. Wannan ma mai sauƙi ne, tun da yana tsayar da aiki a gane akwai matsala. Mafi muni shi ne wanda ba ya tsayar da kome: rasit ya fita da kwanan wata na bogi, ko littafin asibiti ya nuna an ba majinyaci magani tun kafin a kwantar da shi.

Agogon kwamfuta kansa ba abin dogara ba ne. Ɗan ƙaramin dutse ne mai kaɗawa sau 32,768 cikin daƙiƙa ɗaya, zafi da sanyi suna sa shi gaggawa ko nawa, har ya iya ɓatar da daƙiƙa ɗaya ko biyu a yini. In an kashe na'ura, wani batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe da shi. To, mai karatu ya haɗa wannan da halin da ake ciki: yawancin na'urorin ƙananan ofisoshi na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo, batirinsu ya tsufa tun a ƙasar da aka fito da su, ga ɗaukewar wuta ba dare ba rana. Irin wannan na'ura takan farka kullum ba ta san ranar da take ciki ba. Abin da ya rufa mata asiri shekara da shekaru shi ne wani ɗan hadimi a cikinta mai tambayo lokaci daga intanet da zarar an kunna.

Hanyar tambayar ita ake kira NTP. Wani malami na Jami'ar Delaware a Amurka, David Mills, shi ya tsara ta, aka buga bayaninta na farko cikin 1985, ya kuwa yi ta renonta har kusan rasuwarsa cikin Janairun 2024. Tsarinta kamar isnadi yake wurin malaman hadisi. A can sama akwai agogon atam ko na'urar da ke karɓar lokaci daga taurarin GPS. Kwamfutar da ke jone da shi ita ce mataki na 1, wadda ta ji daga gare ta mataki na 2, haka har zuwa 15. Wadda aka rubuta wa 16 kuwa, ma'anarsa ba ta ji daga kowa ba, kada a karɓi ruwayarta. Mai tambaya yakan rubuta sa'ad da ya aika da sa'ad da amsa ta dawo, ya cire jinkirin hanya, ya kuma tambayi majiya fiye da ɗaya domin ya gane mai ƙarya a cikinsu.

To, me sabuntawa take taɓawa? Ba agogon take lalatawa ba. Hadimin take canzawa, sau da yawa ba tare da maigida ya lura ba. Hadiman nan uku ne sanannu: tsohon ntpd na gidan Mills, da chrony, da kuma ƙaraminsu systemd-timesyncd. Kamfanin Red Hat ya sallami ntpd ɗungum a fitowa ta 8 cikin 2019, ya bar chrony kaɗai. Debian ta 11, cikin 2021, ta ware timesyncd ya zama ƙunshi mai zaman kansa, watau yana yiwuwa na'ura ta tashi babu shi. Debian ta 12, cikin 2023, ta maye gurbin ntp da ntpsec, fayil ɗin umarninsa kuma ya ƙaura zuwa /etc/ntpsec/ntp.conf. Saboda haka mai gyara yana iya kwana yana gyaran tsohon fayil wanda babu mai karanta shi kuma.

Tambayar farko ke nan, kafin a taɓa kome: wa ke riƙe da agogon yanzu? Umarnin timedatectl yana ba da amsa cikin 'yan layuka, ya faɗi ko agogo ya daidaita, ya faɗi ko akwai hadimi mai aiki. Wani lokaci a tarar babu kowa. Wani lokaci a tarar biyu ne, tsoho da sabo, ɗaya yana hana ɗaya tashi, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sai a zaɓi guda, a cire ɗayan baki ɗaya. Daga nan systemctl status da journalctl za su nuna abin da hadimin ya faɗa kafin ya faɗi, kuma abin mamaki ne yadda masu gyara suke ƙyamar karanta wannan rahoto, alhali sau da yawa dalilin yana nan rubuce ɓaro-ɓaro.

Sa'an nan a dubi fayil ɗin umarni. Ana tsakiyar sabuntawa na'ura takan tsaya ta yi tambaya: a bar tsohon fayil ko a sa sabo? Mai gaggawa yakan danna abin da ya samu. In ya karɓi sabo, adireshin majiyar da ofis yake amfani da ita ya tafi, amma ba a rasa shi ba, Debian da Ubuntu sukan ajiye tsohon da ƙarin .dpkg-old a ƙarshen sunansa. In kuwa ya riƙe tsoho, mai yiwuwa akwai layin da sabon hadimi bai san shi ba, ya ƙi tashi saboda shi.

In hadimi yana raye amma shiru, a bincika hanya. NTP ta ƙofa mai lamba 123 take fita, kuma sabuntawa tana iya taɓa katangar tsaro. Umarnin chronyc sources, ko ntpq -p ga mai tsohon hadimi, yana jera majiyoyi. Wadda aka yi wa tauraro ita aka amince da ita. Lambar 377 tana nufin tambayoyi takwas na baya duk an amsa, sifiri kuwa yana nufin ko ɗaya ba ta dawo ba. Ubuntu ta 25.10 ta ƙara wani sharaɗi, domin ta koma chrony tare da NTS, watau lokaci mai hatimi wanda ɗan damfara ba zai iya sauyawa a hanya ba, shi kuwa yana bukatar a buɗe masa wata ƙofar, mai lamba 4460.

Amma wurin da ya fi kama na'urorin irin na Suleja shi ne wannan. An gina ntpd da wata irin kunya: in ya tarar saɓanin da ke tsakanin agogonsa da na duniya ya wuce daƙiƙa 1,000, watau minti 16 da daƙiƙa 40, sai ya ɗauka wani babban abu ya lalace wanda ya fi ƙarfinsa, ya rubuta haka cikin rahoto, ya ajiye aiki. Mills yana da hujja, gama agogon da ya yi tsalle da kansa a babban banki masifa ne. Akwai alamar -g da ake ba shi domin ya yafe wannan sau ɗaya a farkon tashi, in kuwa alamar ta salwanta wajen ƙaura daga tsohon fayil zuwa sabo, na'ura mai mataccen batir ba za ta sake daidaita ba har abada. Shi chrony ba ya ajiye aiki, amma in babu layin makestep cikin umarninsa, ba ya tsalle, sai dai ya riƙa jan agogo a hankali, iyakar saurinsa kashi ɗaya cikin goma sha biyu. Kuskuren awa ɗaya zai ci awa goma sha biyu. Kuskuren shekara ɗaya fa? Mai karatu ya yi lissafi. Ga shi dai ana ganinsa yana aiki, kome kore shar, amma tafiyar hawainiya yake yi.

Har ila yau akwai wata sarƙaƙiya. NTS yana bukatar takardar shaida kafin ya karɓi lokaci, takardar shaida kuwa ba ta inganta sai da lokaci daidai. Nan ne kaɗai saitin hannu yake da hurumi: a kusantar da agogo sau ɗaya, a bar hadimi ya ƙarasa, in chrony ne a ce masa chronyc makestep, a rubuta sakamakon cikin agogon batir da hwclock --systohc, kana a sayi sabon batir. Sai dai in na'urar tana riƙe da rumbun bayanai na kuɗi ko na majinyata, a tsayar da shi tukuna kafin a ja agogo baya, don kada a sami aiki biyu da sa'a guda, ko na baya ya riga na gaba.

Abin da bai dace ba shi ne wanda ya zama ruwan dare: mai gyara ya dubi wayarsa, ya saita agogo da hannu, ya karɓi kuɗinsa, bayan mako guda a sake kiransa. Wanda ya fi shi laifi shi ne mai kashe binciken takardar shaida domin shafi ya buɗe. Wannan ya kori maigadi ne saboda ya cika tambaya.

In kuskuren awa ɗaya ne cif, ba ƙari ba ragi, to a bar zargin NTP, domin shi lokacin duniya kaɗai ya sani, watau UTC. Nijeriya tana gaba da shi da awa ɗaya tun ran 1 ga Satumba 1919, ba ta kuwa canza agogo da rani ko damina kamar Ingila. Lokacin nan ma na yarjejeniya ne, ba na rana ba: an ɗauko shi daga layi na 15 gabas, Suleja kuwa tana wajen na 7, shi ya sa rana ba ta take tsaka bisa Dutsen Zuma sai wajen sha biyu da rabi. Saɓanin awa ɗaya yakan fito ne daga ɗayan biyu. Ko dai sabuntawa ta mai da shiyyar na'ura UTC, sai a mayar da ita Africa/Lagos. Ko kuwa na'urar tana ɗauke da Windows da Linux tare, na farko yana rubuta lokacin gida cikin agogon batir, na biyu yana karanta shi a matsayin na duniya. Wanda ya tura agogo gaba da hannu alhali shiyya ce ba daidai ba, ya gyara fuska ya ɓata ciki, lambobin nan shida kuwa za su ci gaba da ƙin shiga.

Ofis mai na'urori da yawa ya fi kyau ya naɗa guda ɗaya, mai sabon batir da wutar ajiya, ita ta riƙa tambayar waje, sauran su tambaye ta. Majiyoyin sa kai na pool.ntp.org sun isa, ko da yake na Afirka ba su kai na Turai yawa ba, don haka a rubuta huɗu, kada a dogara da ɗaya. Mai hali yana iya jona mata ƙaramar na'urar GPS, ya huta da katsewar intanet. Ita ma tana son kulawa. Cikin 2021 an gano wani kuskure a manhajar gpsd wanda zai mai da agogo baya da mako 1,024, zuwa Maris na 2002, ran 24 ga Oktoba na shekarar. An fitar da gyara tun kafin ranar, kuma waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba.