Ba Aljanu Ne Suka Tsare Surame Ba

Maganar da ake ta nanatawa a 'yan kwanakin nan, cewa tsoron aljanu da fatalwa ne ya kare kufan Surame daga ɓarna, don haka ya kamata a tallata waɗannan labarai domin jawo 'yan yawon buɗe ido, magana ce da ke ɗauke wa hukumomi nauyin da ya rataya a wuyansu. Fatalwa, wato kurwar mamaci da ake cewa tana bayyana da dare, ba ta tare zaizayar damina, ba ta cire saiwar itacen da ke tsaga ganuwa, kuma Bahaushe ya daɗe yana jingina wa kowane kufai, wato wurin da mutane suka tashi suka bari, aljanun tsamiya da na kuka, ba tare da hakan ya hana ɗaruruwan kufai shafewa ba.

Abin da ya tsayu a Surame aikin hannun mutane ne. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai a farkon ƙarni na 16, shi ya gina birnin da ganuwar dutse ya mai da shi hedikwatar Kabi, har zuwa wajen 1700 da sarauta ta koma Birnin Kabi. An ayyana wurin a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1964, aka sanya shi cikin jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, wato matakin share fage kafin amincewa da wuri a matsayin gadon duniya, kuma a matakin nan ya maƙale. Masu cewa labaran aljanu ma al'ada ce ba su kawo hujjar da ta cancanci a tsaya kanta ba.

Sakacin da aka yi wa Surame kuwa yana da tushe mai tsawo. Tarihin da ake koya wa yara a wannan yanki kusan daga 1804 yake farawa, kamar babu daula kafin jihadi, kuma Kabawa, waɗanda suka shafe yawancin ƙarni na 19 suna yaƙi da Sakkwato da Gwandu daga Argungu, su ne suka fi ɗanɗana wannan mantuwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, birnin Kanta ya rage a yankin Binji na Jihar Sakkwato, sai ya zama masu gadon ba su da iko da ƙasar, masu iko da ƙasar kuma hankalinsu yana kan Hubbaren Shehu da Wurno.