Gonata ta cikin waya da gonar da na baro a gida



Ranar da asirina ya tonu, ina zaune ne a bayan kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12, motar da muke jira daga Kano ba ta iso ba, na duƙufa a kan waya. Wani abokin sana'ata ya leƙo ta kafaɗata, ya ga ina zuba wa kaji abinci da ɗan yatsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, da girmanka da furfurarka?" Na ce masa ya bar ni, yau nake girbin masara. Tun daga ranar 'yan layinmu suke ce min Sarkin Noma. Na duƙe ake yi wa noma kirari, ni kuwa nawa a kwance nake yin sa, bayan isha'i, waya a kan ƙirji.

Ban fara buga gem jiya ba. Na yi macijin Nokia har babban yatsana ya yi kanta. Na zauna a gidajen gem na Agege ana buga PES, wanda aka ci ya tashi ya biya. Na yi Dream League Soccer na gaji. Free Fire kuwa sau uku na gwada, duk ukun ban fi minti biyu da sauka ƙasa ba wani yaro ya harbe ni ta baya, na ce wannan ba layina ba ne, kuma dama mutumin da ke da dangi a inda ake jin ƙarar bindiga ta gaske ba ya marmarin ta wasa. Wasan noma na farko da na sani shi ne FarmVille, wanda ya fito a Facebook a 2009, mutane suka riƙa damun juna da roƙon kyautar saniya da itace. An rufe shi a ƙarshen 2020, gonakin mutane na shekara goma suka tafi a dare ɗaya.

Ɗana na biyu, wanda aka haifa a nan Legas, shi ya sa min Hay Day a waya. Kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ne ya yi shi a 2012. Ka shuka alkama, minti biyu ta nuna. Masara minti biyar. Ka niƙa ka ba kaji, su yi ƙwai, ka kai gidan burodi, ka loda a mota, kuɗi su shigo. Amfanin gona ba ya bushewa ko ka yi wata ba ka leƙa ba. Yana da daɗi, ba zan ɓoye ba, launukansa kawai sun isa su kwantar wa mutum da hankali bayan hayaniyar kasuwa. Amma bayan sati biyu na gane cewa wannan ba noma ba ne, tsaron shago ne. Babbar damuwarka a ciki ita ce sito ya cika, kana neman ƙusa da katako ka faɗaɗa shi. In ka ƙosa da jira, ga lu'ulu'u nan ana sayarwa da kuɗin gaske. Duk wanda zai ba yaro wayar da ke haɗe da katin banki ya san da wannan tun wuri.

Wanda ya fi kama da noma shi ne Farming Simulator, na kamfanin Giants Software da ke Suwizalan, wanda suka fara fitarwa a 2008. Na buga na waya, mai lamba 23, sannan wani yaron unguwarmu mai gyaran waya a Ikeja ya riƙa bari na ina taɓa mai lamba 22 a kwamfutarsa ranar Lahadi. A nan ba wasa. Sai ka yi huɗa, ka tsince duwatsun da garma ta tono, ka zuba farar ƙasa in gonar ta yi tsami, ka shuka, ka sa taki, ka yi feshin ciyawa, kowanne in ka tsallake shi za ka gani a yawan abin da ka girba. Taraktocin na gaske ne da sunayensu, John Deere, New Holland, Fendt, har da Massey Ferguson ɗin da muka sani a gida. In ba ka da kuɗin saye ka yi haya. In ba ka da na haya ka ci bashin banki da ruwansa a kai. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na ɗan kasuwa, shi ne farashi: in ka jibge kaya da yawa a wurin mai saye ɗaya farashin ya faɗi a gaban idonka, in ka yi haƙuri ka adana har lokacin da kaya suka yi ƙaranci ka ci riba. Wannan kam duk wanda ya taɓa sayen gero da kaka ya ajiye har tsakiyar damina ya san karatun.

A mai lamba 22 suka sa dawa. Na yi murna kamar an ce min ga ɗan garinmu. Da na shuka ta fito, sai ga wata 'yar gajeriya mai jan kai, ko ƙugun mutum da ƙyar ta kai, an yi ta ne don injin girbi ya bi ta kai ya wuce. Ba karan da za a yi danga da shi, ba dami, ba rumbu. Na zauna ina tuƙa injin, layi bayan layi, na gama gonar da mutum ashirin za su yi kwanaki suna yanka kafin shayina ya huce. Sai na ji wani abu tsakanin sha'awa da takaici. Wato haka manomi ɗaya yake yi a Jamus ko Amurka, mu kuwa mahaifina ya mutu da fartanya a kafaɗa. An ce a na 25, wanda ya fito a ƙarshen 2024, har shinkafa sun sa. Gero dai har yanzu shiru.

Stardew Valley ne ya shige min rai, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Mutum ɗaya ne ya yi shi, wani Ba'amurke mai suna Eric Barone, ya shafe sama da shekara huɗu shi kaɗai yana zane, yana haɗa kiɗa, yana rubuta labari, ya fitar a 2016. Zanensa irin na da ne, kamar gem ɗin da muke sa wa kaset. Ga yadda yake farawa: kakanka yana kan gadon mutuwa ya ba ka wasiƙa a rufe, ka riƙe har ranar da zaman birni ya ishe ka. Shekaru suka wuce, kana wani katafaren kamfani kana aiki kamar jaki, ka buɗe wasiƙar, ka tarar takardar gona ce. Ka hau mota ka tafi ƙauye, ka samu gonar ta zama saura, ciyawa da duwatsu da itatuwa ko'ina. Aka ba ka tsofaffin kayan aiki da iri goma sha biyar, shi ke nan.

Jama'a, na ajiye wayar na yi shiru. Shekarata goma sha tara a Legas. Na zo ci-rani ne da niyyar in koma kafin ruwan shuka.

Wasan kansa yana da kyau ƙwarai. Kowane yanayi kwana 28 ne, abin da ka shuka a makare in yanayi ya juya ya mutu. Ƙarfinka yana ƙarewa in ka yi ta sara, sai ka ci abinci ko ka kwanta. Hankaki yana cin shuka in ba ka kafa mutum-mutumi ba. Akwai mutanen gari da za ka gaisa da su, ka kai musu kyauta, a hankali su saba da kai. Ba ya buƙatar data bayan ka sauke shi, kuma sau ɗaya za ka biya. Iyaye su sani dai akwai aladu a ciki, akwai mashaya da haɗa giya, akwai boka a hasumiya, da neman aure irin na Turawa. Ba dole ka bi ta kansu ba, ni ban bi ba, amma ba wasan da za a miƙa wa ɗan shekara bakwai a juya baya ba ne.

To amma ga inda duk waɗannan wasanni suka yi mana ƙarya, kuma ƙaryar iri ɗaya ce. A Stardew ka kunna talabijin da safe a gaya maka gobe za a yi ruwa, kuma sai an yi. Mu a ƙasar Haɗeja an yi binne, an zuba ido sama sati uku, iri ya ruɓe a rami. An kuma yi shekarar da ruwan ya zo ya wuce kima, kamar 2022, shinkafa ta nutse har ba a ganin kanta. Ba wasan da na ga an sa kacalla ta toshe hanyar ruwa, jan-baki ya kwana a cikinta ya wayi gari ya sauka a gonar gero kamar hadari, yara suna ta kaɗa gwangwani tun asuba har muryarsu ta dishe. Ba ƙuduji. Ba tsutsar nan da ta shigo wa masara a 2016, ba sharon da ya cinye tumatir a shekarar har muka zauna a Mile 12 muna kallon kwanduna babu kowa. Alkamar da ke nuna a minti biyu, a fadamarmu ana shuka ta cikin sanyin Nuwamba, sai wajen Maris a yanka, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowane ban-ruwa da injin sai manomi ya yi lissafi sau biyu. A wasa gona tana nan inda ka bar ta. A wasu sassan Zamfara da Katsina sai ka biya kafin ka shiga gonarka, ka kuma biya kafin ka kwashe abin da ka noma.

Sannan a wasa kai kaɗai ne. In kana son ƙarin fili ka danna taswira ka saya. Babu gayya, babu gandu, babu aro ko jingina, babu rigimar iyaka, babu rabon gado da zai mayar da gona guda ta zama yanki bakwai.

Ni dai a ganina, in har yaro zai riƙe waya, kuma zai riƙe, gara ya shuka karas da ya harbi mutum. Ɗana ya koyi cewa ƙwai daga kaza yake ba daga shagon Iya ba, ya koyi jira, ya koyi lissafin jari da riba. Amma kada wani ya ce yana koyon noma. Rannan na tambaye shi kwana nawa gero yake yi, ya ce, "Baba, wanne ne gero? Shi ne na kunu?" Na so in yi masa faɗa, sai na tuna ni ne ban taɓa kai shi gida da damina ba, kullum sai da Sallah, kwana huɗu mu juyo.

Haɗarin ma ya fi yawa a kanmu manya. Wasan yana ba ka ɗanɗanon gida ba tare da kuɗin mota ba. Ka ji kukan zakara, ka ga shuka ta tsiro, kewar da ya kamata ta tashe ka ta kai ka tasha sai ta lafa, ka yi barci. Na lura tun da na fara Stardew na rage kiran gida ina tambayar ko an yi ruwa. Na san ranar da kabewata ta cikin waya za ta nuna, ban san wa ya noma gonar mahaifina bana ba.

Matasanmu da suka iya haɗa manhaja, a Kano da Kaduna da nan Yaba, ina ƙalubalantarku. Mutum ɗaya ya yi Stardew a ɗakinsa. Ku yi mana wanda za a fara da sharar gona, a jira ruwan da ba a san ranarsa ba, a zaɓi tsakanin sayar da akuya a sayi taki ko a dogara da na turke, a kira gayya a dafa wa mutane fura, a kai kaya Dawanau a yi ciniki da dillali. Ni zan fara saye.

Watan jiya Yaya ya kira ni. Wani mai kuɗi yana son gonar tamu ta bakin titi, zai yanka fulotai, kuma kuɗin da ya taya ba kaɗan ba ne. Ƙannena biyu sun yarda, ɗaya yana son ya yi aure, ɗaya yana son jari, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ni ma da a bara ne da na ce a sayar a turo min kasona in ƙara a tumatir. Yaya ya ce, "Kai kaɗai ake jira." Na ce, "Yaya, a ba ni zuwa kaka." Ya ce me zai canza zuwa kaka, ni da ban taɓa turo ko buhun taki ba. Ban sami amsar da zan ba shi ba, don gaskiya ya faɗa.

Na dai tura kuɗin buhu biyu a satin, na kuma gaya wa uwar yaran cewa hutun makaranta na Agusta a gida za mu yi shi, lokacin gero ya fitar da kai. Yaron ya tambaye ni ko akwai sabis a can. Na ce akwai, in ka hau kan tudun bayan makaranta.