Kora Ba Ado Ba Ce: Kira Ga Malamai Da Iyaye A Rano Da Kibiya

Duk wanda ya leƙa makarantun firamare da na allo a Rano da Rurum da Kibiya zai tarar da yara masu farin tabo a ka, gashin wurin ya kakkarye. Jama'a sun saba da kora har an ɗauke ta tamkar wani ɓangare na ƙuruciya. Wannan sakaci ne da ya kamata a daina, domin kora cuta ce mai yaɗuwa, kuma tana da magani tabbatacce.

Abin da ke haddasa ta wata halitta ce dangin funfunar da ke fitowa a jikin burodi, wadda masana ke kira fangas. Nau'o'in da suka fi yawa a Afirka ta Yamma sun haɗa da Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii. Abincinsu shi ne keratin, sinadarin da ke cikin gashi da farce da saman fata. Suna bin askar wanzami da mataji da hula da tabarmar kwana daga wannan yaro zuwa wancan. Danginsu ne ke kawo maƙero a jiki da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa.

Kuskure biyu ne suka fi cutar da yara. Na farko shi ne fasa kafso a barbaɗa a tabon, alhali magunguna irin su tetracycline ƙwayoyin bakteriya suke kashewa, ba su taɓa fangas. Na biyu shi ne sayen man shafawa mai haɗi uku a kemis. Sinadarin steroid da ke cikinsa yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana raunana garkuwar fata, sai cutar ta ci gaba da bazuwa a ɓoye. A Indiya, irin wannan ɗabi'a na daga cikin dalilan da masana ke dangantawa da yaɗuwar Trichophyton indotineae, nau'in da aka raɗa wa suna a 2020, wanda sau da yawa ba ya jin maganin terbinafine.

Da yake fangas ɗin kora yana shiga cikin silin gashi, shafe-shafe kaɗai ba ya kai gare shi. Ana buƙatar maganin sha irin su griseofulvin, wanda ake amfani da shi tun 1958, a sha mako 6 zuwa 8 tare da abinci mai maiƙo kamar madara, bisa umarnin likita. Mai juna biyu ba ta shan sa.

Saboda haka, wajibi ne malamai su riƙa duba kawunan ɗalibai a farkon kowane zango, su tura masu tabo Babban Asibitin Rano ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Wanzamai su riƙa tsabtace aska bayan kowane aski, iyaye kuma su tabbatar yaro ya kammala maganinsa ko da tabon ya ɓace. Korar da aka bari ta kumbura ta yi ruwa tana iya barin sanƙon da gashi ba zai sake tsirowa a kansa ba.