Gadar karkara ma tana buƙatar cikakken lissafi

Nauyin tirela a tsaye daban, nauyinta tana gudu daban. Da zarar tayarta ta faɗa rami a bakin gada, sai ta zabura ta doki kankaren da ƙarfin da ya zarce abin da sikeli ya nuna. Shi ya sa ƙa'idar AASHTO ta Amurka ke ƙara kashi 33 cikin 100 kan nauyin babbar mota wajen lissafin ginin gada. A ganina, bai kamata a zaftare wannan ƙari don hanyar ta karkara ce ba. Can ne kwalta ta fi farfashewa, can tipar yashi da motar hatsin kasuwar Dawanau ke bi da lodi fiye da kima. Injiniyoyinmu su yi lissafin cif, a kuma riƙa cike ramukan bakin gada kafin damina.