Martani Ga Masu Cewa Muna Buɗe Wa 'Yan Sakandare Ido

Ni malamar darasin Addinin Musulunci ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Tun da muka fara karantar da 'yan manyan ajujuwa hukunce-hukuncen balaga, tsarki, neman aure da haƙƙoƙin ma'aurata, maganganu suke ta yawo a taron iyaye da malamai, a majalisu, har da gidajen biki. Cikin masu maganar akwai dattawan da nake ganin girmansu, kuma na san kishin 'ya'yansu ne ya sa suka tanka. Shi ya sa zan ɗauki zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya.

Zargi na farko: wai muna buɗe wa yara ido.

Yarinyar da ke aji huɗu na sakandare ta kai shekara 15 ko 16. Ta fara al'ada, alƙalami ya hau kanta, salla da azumi sun zama wajibi a gare ta. To in ba ta san farillan wanka ba, ba ta san bambancin jinin haila da jinin ciwo ba, yaya ibadarta za ta inganta? Akwai ɗalibar da ta tsaya bayan an tashi, tana ta murza bakin hijabinta, ta tambaye ni cikin raɗa ko wadda jini ya ƙi ɗauke mata za ta ci gaba da barin salla. Ashe ta fi wata guda ba ta kai goshinta ƙasa ba, alhali a mazhabarmu ta Malikiyya hailar budurwa ba ta wuce kwana 15. Ga shi kuma larura ce da ke buƙatar asibiti, amma nauyin baki ya hana ta gaya wa mahaifiyarta. Wannan ne idon da ake so mu bari a rufe?

Wancan idon da ake tsoro kuwa, waya ta riga mu buɗe shi. Littattafan batsa da Hausa suna yawo a WhatsApp, ga TikTok, ga hirar ɗakin kwana a makarantun kwana. Abin da ya rage mana mu zaɓa shi ne wa zai gaya musu halal da haram a cikin abin da suka riga suka ji.

Zargi na biyu: wai ajandar Turawa ce aka naɗa wa rawani.

Wannan tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar ƙanjamau da hukumar NERDC ta fitar a 2003 sai da aka sauya mata suna da wasu sassa saboda ƙorafin malaman addini. Amma darasinmu daga littattafan zaure muka ɗauko shi. A buɗe Ahalari, a buɗe Ishmawi da Iziyya, za a tarar da wankan janaba da haila da jinin biƙi tun a babukan farko. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ta bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi ƙarara, tana da babin aure da saki da kome da idda, kuma marubucinta ya bayyana cewa don koyar da yara ya rubuta ta. Wane Bature ne ya ba shi kwangila? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin tsarki da ibada alhali suna karantar da ɗaliban waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna koyar da mata addininsu. Gadon da muke bi ke nan.

Zargi na uku: wai wannan aikin iyaye ne, ba ruwan makaranta.

Masu wannan maganar suna kafa hujja da umarnin da Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya bayar a watan Nuwamba na 2022 cewa a cire ilimin jima'i daga manhaja. Sai dai ya ce a bar wa iyaye da cibiyoyin addini ne, kuma malamin addini a aji yana cikin waɗanda amanar ta hau kansu. Na yarda iyaye ne a sahun gaba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: a gidan Bahaushe uwa ko sunan 'yar fari ba ta kira, balle ta zaunar da ita ta yi mata bayanin tsarki. A da kaka ce ko gwaggo ke ɗauke wannan nauyin, saboda ana zaune gida ɗaya. Yau gidan gandu ya watse, kowa ya kama hayarsa, yarinya kuma tana makaranta mafi yawan shekara. Uba ya bar wa uwa, uwa ta bar wa Islamiyya, malamin Islamiyya namiji ne ya tsallake babin don kunya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga masu cewa rashin kunya ne, Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ummu Sulaim ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wanka ya wajaba a kan macen da ta yi mafarki, ya amsa mata ba tare da ya kyare ta ba. Wa ya kai su kunya a cikinmu?

Zargi na huɗu: wai za a cusa wa yaro addinin da ba nasa ba.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Muna kiyaye wannan. Lokacin darasin, ɗalibanmu Kirista suna tafiya wurin malamarsu, ta karantar da su tsarkin aure da kame kai daga Littafi Mai Tsarki. Da muka kwatanta abin da muke koyarwa, sai muka ga mu biyun labarin Annabi Yusuf muke ba su, yadda ya guje wa matar maigidansa. Ba wanda ya shiga gonar wani.

Zargi na biyar ya fito ne daga ɗaya ɓangaren: wasu 'yan boko suna cewa darasin addini tsoratarwa ce kawai da ɗora wa mace laifi.

Su zo su ji abin da muke faɗa. A Suratun Nur maza aka fara umarta da runtse ido kafin mata. A cikinta aka yanke bulala 80 ga wanda ya yi wa kamammiyar mace ƙazafi. A cikinta aka koya wa yara neman izini kafin shiga ɗakin iyaye a lokuta uku. Muna gaya musu cewa Annabi ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Muna gaya musu cewa wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da zunubi, laifin na wanda ya zalunce ta ne, kuma duk wanda ya nemi keɓewa da ita, malami ne da ke yi mata alkawarin maki ko ɗan uwa ne a cikin gida, ta faɗa, ba tonon asiri ba ne. Na ga yarinyar da wannan jumlar kaɗai ta sa ta buɗe baki. Da saurayi ya zo wa Annabi yana neman a halatta masa zina, bai kore shi ba. Ya matso da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa ko 'yarsa ko 'yar uwarsa haka, sannan ya yi masa addu'a. Salon da muke koyi da shi ke nan.

Iyaye suna da haƙƙin kafa mana sharuɗɗa, kuma ina goyon bayansu: mace ta karantar da mata, namiji ya karantar da maza, a raba aji, a yi la'akari da shekaru, a yi amfani da lafuzzan fiƙihu masu mutunci, ba hotuna, a nuna wa iyaye abin da za a koyar tun farkon zango, a kori duk malamin da ya mai da darasin hanyar wasan banza. A kan waɗannan ku tsare mu, ku tuhume mu. Amma kafin ku nemi a soke darasin, iyayena mata, ku wakilto wasu daga cikinku su zauna a bayan aji su saurara, ku kuma zo da malamin da kuka yarda da iliminsa ya duba littafinmu. In ya sami abin da ya saɓa wa shari'a, a cire shi a ranar. In bai samu ba, ku bar mu mu sauke wannan amana tare da ku. Allah ya shirya mana zuri'a.